Ranar Da Dare Ya Yi Da Hantsi

Cikin dukan abubuwan da Bahaushe ya sakankance da su a duniyar nan, ban ga wanda ya kai rana ba. Da ita yake yanka wuninsa gunduwa-gunduwa, ya ce hantsi, ya ce walaha, ya ce azahar da la'asar, har zuwa almuru. Da ita yake ɗaukar alkawari, shi ya sa yake cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. In kuwa yana so ya nuna gaskiya ta fi ƙarfin a ɓoye ta, sai ya ce in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. To, mai karatu, yaya kake tsammanin mutumin da ya tashi a kan wannan zai ji ran da ya ɗaga kai da hantsi, ba hadari ba hazo, ya ga an kare ranar ɗungum, har tauraro ya fito?

Wannan abu ya auku a ƙasar Hausa ran Laraba, 29 ga Maris, 2006, daidai da ƙarshen watan Safar na shekara ta 1427 bayan Hijira. Ina cikin waɗanda Allah ya nufa suka gani, ina ɗan shekara huɗu, a garinmu da ke ƙasar Katsina. Abin da idona ya gani yana nan a raina har gobe. Abin da ya wakana tsakanin manya kuwa labari ne da aka sha maimaitawa a gidanmu, har na haddace shi kamar karatun allo. Na ga ya kyautu in kawo shi nan saboda wata gardama da aka yi a kansa, wadda har yanzu nake jin irinta a bakin ɗalibai 'yan'uwana, watau ko sanin yadda abu ke faruwa yana rage masa kwarjini.

Bari in fara da abin da ke rubuce. Inuwar wata ta fara sauka ƙasa da fitowar rana a gabashin Barazil, ta ƙetare tekun Atilantika, ta hau tudu a Gana, ta ratsa Togo da Jamhuriyar Binin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki a ƙasar Yarbawa. Daga nan ta miƙe arewa maso gabas, ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta faɗa Nijar ta lulluɓe Maraɗi da Damagaram, ta wuce Cadi da Libiya da Turkiyya, ba ta ɗaga ba sai can Mangoliya da faɗuwar rana. Faɗinta wajen mil 115 ne kawai, saboda haka mutanen Kano da na Sakkwato sun ga rana ta ragu ƙwarai, amma ba su ga ta rufe duka ba. Inda duhun ya fi daɗewa, wajen iyakar Cadi da Libiya, ya yi minti 4 da daƙiƙa 7. Namu bai cika minti huɗu ba.

Tun da sauran makonni gidajen rediyo suka shiga sanar da jama'a cewa ran kaza, ƙarfe kaza, za a yi husufin rana, kada kowa ya firgita, kada kuma a dubi rana da ido ƙuru-ƙuru. Wannan sanarwa ita ce ta haɗa mahaifina da yayansa faɗa. Gidanmu babban gida ne, sassa biyu, zaure ɗaya. Baffa malamin zaure ne, shi ne kuma limamin unguwarmu. Baba kuwa malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Mutane ne masu ganin girman juna, akushi ɗaya suke ci, amma a wannan makon sai da Kaka, mahaifiyarsu, ta lura tuwo yana dawowa cikin gida da saura.

Baffa ya ce, "Yau ga shi mutum ya zauna a ofis ya ce ran kaza, ƙarfe kaza, Allah zai yi kaza. In wannan ba shisshigi ba ne cikin gaibu, to mene ne?"

Baba ya ce, "Yaya, ai ga jadawalin lokutan salla can manne a bangon masallacinka. An rubuta ƙarfe nawa rana za ta faɗi nan da wata shida, ban kuwa taɓa jin ka ce gaibu ne ba."

Baffa ya ce, "Faɗuwar rana al'ada ce ta kullum. Husufi kuwa aya ce da Allah yake tsoratar da bayinsa da ita. In kun sa mata rana kamar ranar biki, wa zai ji tsoro? Sai dai yara su fito kallo suna tafi, sai ka ce an kawo 'yan kama."

Nan fa gizo ke saƙar. Baffa bai damu ƙwarai da ko lissafin zai faɗa daidai ba. Abin da ke ci masa rai shi ne kada ilmi ya cire wa mutane tsoron da ke kai su ga tuba. Shi kuwa Baba wani tsoron ne yake gudu. Shekara biyar kafin wannan, cikin watan Janairu na 2001, an yi husufin wata, wasu samari a Maiduguri suka ce zunubin masu sha da masu masha'a ne ya jawo, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna musu wuta. Baba ya ce wannan wata ne, da dare, abin da kowa ya saba gani. To, ina ga rana, da tsakar hantsi, kasuwa na ci? Ya ce tsoron da ya faɗo wa mutum ba shiri, wanda zai huce a kansa yake nema.

Kaka dai dariya take yi musu. Ita a saninta rana da wata kowa da hanyarsa a sama. Wani lokaci wata yakan yi ganganci ya bi ta hanyar rana, ita kuwa ba ta da haƙuri, sai ta cafke shi. Shi ne ake cewa rana ta kama wata, ko kuwa wata ya yi zazzaɓi, yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa suna zaga gari suna ba ta haƙuri har ta sake shi. Ta ce ta ga wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ba a taɓa ba rana haƙuri ta ƙi ba. Amma a ce wai ita ranar za a kama, wannan kam sai ta gani.

Wani dare bayan lisha Baba ya ɗauko fitilar ƙwai ya ajiye tsakiyar zaure, ya ce ita ce rana. Ya kife ƙwarya can gefe, ya ce ita ce duniya. Ya ɗauki goriba, ya ce shi ne wata. Almajiran Baffa suka kewaye shi. Ya ratsa da goribar tsakanin fitila da ƙwarya, sai ga 'yar inuwa ta bi ta bayan ƙwaryar ta wuce. Ya ce duk wanda ke zaune inda inuwar nan ta bi, shi ne zai ga rana ta rufe. Ya ce nisan wata daga nan wajen mil 239,000 ne, na rana kuwa wajen mil miliyan 93. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, amma kuma ta fi shi nisa wajen sau 400, shi ya sa a idonmu suke daidai da juna, har ƙaramin ya iya rufe babbar kamar faifai a bakin ƙwarya. Wani almajiri ya tambaya, tun da wata yana zagayawa kowane wata, me ya hana a yi husufi kowane wata? Baba ya ce hanyar wata a ɗan karkace take, da kimanin digiri 5, saboda haka yawanci inuwarsa takan wuce ta sama ko ta ƙasa, ba ta taɓa mu. Sai in ukun sun daidaita a sahu ɗaya.

Baffa yana kan buzunsa yana jan carbi, kamar ba ya ji. Can sai ya ce, "Ai wannan ba sabon abu ba ne. Tun muna yara mun lura husufin rana ba ya zuwa sai ƙarshen wata, na wata kuma sai daren sha huɗu ko sha biyar." Baba ya ce, "To, Yaya, ashe kai ma lissafin kake yi." Baffa bai tanka ba.

Duk da haka kowa ya yi aikinsa. Baba ya bi gida-gida yana gargaɗi a kan ido. Ya ce hasken rana yana ƙona can bayan ido, inda ba a jin zafi, sai daga baya mutum ya ga wani tabo ya tsaya masa a tsakiyar gani. Ya hana a duba ta cikin ruwan ƙwarya, ko ta gilashin da aka turara da hayaƙi, ko ta baƙin tabarau na kasuwa. Shi kuwa Baffa, bayan sallar asuba ta ran Talata, ya juyo ya fuskanci jama'a. Bai ce za a yi husufi ba, ya ce in Allah ya nufa aka yi, kowa ya taho masallaci. Ya ba su labarin yadda rana ta yi husufi a Madina cikin shekara ta goma bayan Hijira, ran da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwar ne, Manzo ya gyara musu, ya nuna musu rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, abin da ake so in an gani shi ne salla da addu'a da sadaka. Baffa ya ce saboda haka kada ya ji wani ya nuna gidan wani da yatsa. Wanda ke neman mai zunubi, ya duba cikin rigarsa.

Ran Laraba gari ya waye tangaran, zafin bazara ya fara tun da sassafe. Inna ta tattara mu yara ta kulle a ɗaki don kada mu ɗaga kai. Da ƙarfe tara ta ɗan gota sai Baba ya zo ya fito da mu, ya ce kowa ya dubi ƙasa. Ya kai mu gindin bedin da ke tsakar gida. Hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye, wanda kullum yake zuba a ƙasa kamar kwabbai, ran nan kowane ɗaya an ɗan gutsure shi a gefe. Ya karɓi matankaɗin Inna ya ɗaga a kan farin zane, sai ga ɗaruruwan jinjirin wata ƙanana a jere. A haka muka yi ta kallon ana cin rana ba tare da mun dube ta ba. Shi kuwa yana riƙe da agogo da ɗan littafi, yana rubuta lokaci, don ya ci alwashin sai ya auna tsawon duhun da kansa ya kai wa ɗalibansa.

Wajen ƙarfe goma aka yi shela a masallaci, maza suka tafi, Baffa ya ta da salla. Haske ya fara canza kama. Ga rana a sama, amma ba ta da ƙarfi, sai ka ce mai jinyar da ya tashi daga zazzaɓi. Zafi ya sauka, wata iska mai sanyi ta taso. Kaji suka daina tono, suka yi cirko-cirko, sa'an nan suka bi juna zuwa akurki. Awaki suka kama kuka a turke. Wajen goma da rabi duhu ya taho daga kudu maso yamma da saurin da ba a iya kwatantawa, don inuwar tana gudun fiye da mil 1,000 a sa'a guda. Kafin ka ce kwabo ya rufe mu. Baba ya ce, "Yanzu ku duba." Wannan ɗan lokaci da rana ta rufe ruf shi kaɗai ne ake iya dubanta ba kariya.

Na ɗaga kai. Inda rana take sai ga wani baƙin faifai, baƙi ƙirin, ya fi sararin da ke kewaye da shi baƙi. A gefensa wani farin haske ya bazu, mai laushi, kamar audugar da aka shiɓe. Gamzaki, wanda ba a saba ganinsa ba sai da asuba, ga shi tar ta yamma da ita. Gindin sama kuwa ya yi ja ta kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar almuru ya kewaye gari. Mata suka ɗauki salati daga gida zuwa gida, sa'an nan kowa ya yi tsit. Ko daga masallaci ba a jin komai, domin a mazhabar Malikiyya sallar kusufin rana a asirce ake karatunta, raka'a biyu ce, kowace raka'a da ruku'u biyu, kamar yadda ya zo a Risala. Abin da na fi riƙewa duka shi ne hannun Baba a kafaɗata. Rawa yake yi. Mutumin da ya san nisan rana da na wata, wanda ya yi mako guda yana gaya wa mutane kada su ji tsoro, yana tsaye yana ta kabbara ƙasa-ƙasa, muryarsa na sarƙewa.

Can sai wani ɗigon haske ya ɓullo a gefen faifan, kamar dutse a kan zobe. Baba ya daka mana tsawa mu sunkuyar da kai. Gari ya sake wayewa, zakaru suka yi cara a karo na biyu. Baba ya miƙa mu ga Inna, ya yi alwala ya nufi masallaci, ya tarar ba a sallame ba, don Baffa ya ja karatu ƙwarai.

Da aka fito suka haɗu a zaure. Baffa ya miƙa hannu ya karɓi ɗan littafin, ya duba. An rubuta lokaci bi da bi har zuwa goma da 'yan mintoci, daga nan sai farar takarda. Ya ce, "Malam, ina lissafin duhun?" Baba ya ce, "Wallahi, Yaya, na manta da agogo a hannuna yake." Baffa ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ma ka ji." Baba ya ce, "Na ji. Amma fa ta zo a kan lokaci." Baffa ya ce, "Ta zo." Iyakar abin da suka ce ke nan, ba wanda ya ce wa wani ka yi gaskiya, amma a daren nan akushi ya koma cikin gida a suɗe. Kaka kuwa cewa ta yi, "Shekara da shekaru tana kama shi, yau dai wata ya rama." In ka duba, a wannan karon ita da masana ilmin taurari bakinsu ɗaya, don wata ne ya tare rana. A husufin wata ne suka saɓa, domin can inuwar duniya ce ke faɗa masa.

Da na girma na shiga nazarin harshe, sai na ga Hausa ta riga ta raba abin da Baba da Baffa suka haɗa a kalma ɗaya. Muna da firgita da razana, muna kuma da kwarjini. Firgita takan faɗo wa mutum ne ba zato, ta ɗauke masa hankali, ya ruga ko ya kai duka. Kwarjini kuwa yakan sauka ne a kan wanda ya san gaban wa yake tsaye. Baƙauyen da bai san sarki ba yana iya bangaje shi a kasuwa, amma bafaden da ya san shi ciki da waje shi ne ke zubewa. Firgita ce Baba yake gudu, kuma sanarwar rediyo da goribarsa sun yi maganinta, haka ma wa'azin Baffa na ran Talata. Kwarjini ne Baffa yake tsoron a rasa, ga shi kuwa wanda ya fi kowa sanin lissafi a garin shi ya fi kowa rawar jiki. A garinmu ran nan ba a jefi gidan kowa ba, masallaci kuma ya cika har waje.

Lissafin nan daɗaɗɗe ne. Tun zamanin mutanen Babila aka gane cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da wajen sa'a 8. Sa'o'in nan takwas su ke sa duniya ta ƙara juyawa sulusin zagaye, sai inuwar ta faɗa wata nahiya can yamma. In ka ɗora wannan a kan 29 ga Maris, 2006, sai ka faɗa kan 8 ga Afrilu, 2024, ran da aka yi husufin da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, ana cikin kwanakin ƙarshe na azumi. Ashe ƙanen namu ne. Mun kalle shi a wayar hannu a ɗakin kwanan ɗalibai, abokaina suna ta mamakin kyan hoton. Hoton ya yi kyau, amma babu sanyin iskar a cikinsa, babu kukan awaki, babu shirun da gari ya yi.

Masana sun ƙiyasta cewa wuri guda yakan yi wajen shekara 375 kafin cikakken husufin rana ya sake bi ta kansa. Baffa, Allah ya jiƙansa, yana cikin masallaci goshinsa a ƙasa sa'ad da aka yi, bai ga faifan nan da idonsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa. Ya ce, "Ɗana, duhun ya iske mu har cikin sahu, na kuwa san Mai shi. Ku da kuka gani, sai ku riƙe."

Wanda bai gani ba, lissafi ya nuna akwai dama a gaba. Ran 2 ga Agusta, 2027, inuwar za ta bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, inda duhun zai haura minti 6, ta wuce ta kan Jidda da Makka. Ran 20 ga Maris, 2034, kuma za ta sake shigowa Nijeriya, wannan karon ta Legas da birnin Binin, ta ratsa Kamaru da Cadi da Sudan. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, duk wanda ya sami hali ya je inda za ta rufe duka, don rabin husufi da cikakkensa ba a haɗa su. Ya nemi tabarau na musamman da aka yi don wannan aiki, in bai samu ba matankaɗi da farin zane sun ishe shi. Ya gaya wa mutanen garinsu tun da wuri, da bakin da za su gane, ya kuma tafi da alwalarsa. Allah ya kai mu da rai da lafiya, ya kiyaye mana idanunmu, amin.